A Tozon Raƙumi Ba a Sa Hannu

Lahadi, 12 ga Janairu, ƙarfe 6:40 na safe

Shamsa ce ta ajiye mini wannan littafin kusa da butar gahawa. Ta ce tunda na ƙi yi wa mutane magana, in yi wa takarda. Shekara ashirin da aure, har yanzu matar nan gani take ta fi ni sanin kaina. To ga shi ina rubutawa.

Yau kwana biyar da Talatar nan da yayana ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yaya Marhun yana gane kowa. Jiya ya sha ruwa da kansa, da hagu, rabi ya zube masa a ƙirji. Na yi wuf zan riƙe kofin, ya watso mini wani kallo, na fasa.

Hannun dama yana nan yadda yake.

Talata, 14 ga Janairu, bayan azahar

Zuwaina, matar Yaya, ta ba ni makullin ɗakin aikinsa in ɗauko mata wasu takardun asibiti. Na shiga don minti ɗaya, na yi awa guda.

Tsohuwa tana kan tebur, tayoyi sama, yadda ya bar ta. Ashe mai yake canja mata a shokozoba. Sukudireban yana can ƙarƙashin kujera, kujerar kuma a karkace. Ban ɗauka ba, ban gyara kujerar ba.

In jikokina ne za su karanta wannan wata rana, kada su zaci kakarsu nake nufi. Tsohuwa 'yar motar hawan dutse ce mai rimot, tsawonta kamu guda. Yaya ya ƙera ta sak shuɗiyar akori-kurar Baba, wadda take kwaso dabino daga Tanuf zuwa kasuwar Nizwa. Shekara uku ya yi a kanta. Tsatsar jikinta ta gaske ce, soson ƙarfe ya jiƙa a ruwan gishiri ya shafa mata. Buhunan dabinon da ke bayanta Zuwaina ce ta ɗinka, kowanne kamar babban yatsa. Rawanin ɗan direban da ke ciki daga ainihin rawanin Baba aka yanko shi. Har lotsawar ƙofar hagu ya yi mata, da cokali mai zafi.

Baturanta a cike suke. Yaya ya tsani a bar batir a cike yana zaune, ya ce kumbura yake yi ya mutu. Na sauke musu caji zuwa rabi, na sa su a akwatin ƙarfensu, na kulle ɗakin.

Juma'a, 17 ga Janairu, ƙarfe 6:15 na yamma

Na je kwari, inda muke wasan 'yan motocinmu. Da ma ban je ba.

Mu shida maimakon bakwai. Kowa ya tambaye ni jikin Abu Azzan, haka suke kiran Yaya, na ce da sauƙi, kowa ya ce Allah ya ƙara sauƙi, shi ke nan aka kunna motoci. Shekara tara ke nan duk Juma'a bayan la'asar muna hawan dutsen nan da Yaya ya sa wa suna Tozon Raƙumi. Shekara tara kuma motata, Jar Akuya, tana kifewa a matsatsin da muke kira Maƙogwaro. Yau ma ba ta ba ni kunya ba.

Na tsaya ina jiran in ji, "Auta, ka kwantar da ita ta huta ne?" Shiru.

Dokarmu ɗaya ce, kuma Yaya ne ya kafa ta: ba a sa hannu. In motarka ta kife ko ta maƙale, sai ka jira wani ya zo da tasa ya ja ka da igiya. Ƙugiya kaɗai aka yarda ka maƙala da hannu. Wanda ya ɗaga motarsa, sai a yi masa ihun "Hannu!", ya koma gindin dutse, kuma shayin karak, mai madara da kayan ƙamshi, na kowa a kansa. Yaya yakan ce, "Shekara talatin ina tuƙi a sahara, ban taɓa ganin wani ƙato ya sauko daga sama ya ɗaga mini mota ba."

Na sunkuya na ɗaga Jar Akuya a gaban kowa. Darwish, alƙalinmu, mutumin da ake jin ihunsa tun daga garin Bahla, sai ya juya yana duban tsuntsaye. Wallahi da ya yi mini ihun da ya fi mini sauƙi.

Litinin, 20 ga Janairu, ƙarfe 1:00 na rana

An sallamo shi.

Laraba, 22 ga Janairu, bayan la'asar

Ya ƙi fita falo. Baƙi suna zuwa, su sha gahawa, su ci alewar halwa, su tafi ba su gan shi ba. Mai yi masa gashin ƙashi ta gaya wa Zuwaina ƙafar tana dawowa, amma mutumin da ba ya son komai ba ya motsa komai. Ta ce a nemo masa abin da zai sa shi tashi.

Na same shi yana kallon bango. Maganarsa a hankali take fitowa yanzu, sai ka yi haƙuri. Ni kuwa haƙuri ba gadona ba ne, sau biyu ina ƙarasa masa zance.

"Auta. Rufe baki."

Na rufe.

"Tsohuwa. Ka kai wa Darwish."

"A kan me, Yaya?"

Ya dubi hannun da ke kan cinyarsa. "Ba sitiyari."

Gaskiyarsa. Rimot da hagu ake riƙe shi, yatsan hagu ne yake jan kunamar totur, amma 'yar tayar sitiyarin da dama ake murza ta. Na ce masa ba inda zan kai ta. Ya ce motarsa ce. Na ce rawanin da ke ciki na ubanmu ne mu biyu, sai ya kai ni ƙara.

Tsoro nake ji, in faɗi gaskiya. Ranar da Tsohuwa ta bar gidan nan, Yaya ba zai sake fita daga ɗakin nan ba.

Alhamis, 23 ga Janairu, ƙarfe 11:00 na safe

Mutum uku suna jirana in je in duba musu na'urar sanyaya ɗaki. Su jira, lokacin sanyi ne, ba wanda zai narke.

Na yanko ƙarfe daga jikin wata tsohuwar na'ura, na lanƙwasa, na ɗaure a tayar sitiyarin rimot ɗinsa, na sa masa ƙotar buroshin haƙori a baki. Yanzu babban yatsan hagu zai iya kai wa sitiyarin, ya tura gaba ko ya jawo baya. Munin abin ba a magana. Na gwada da hannuna na dama a aljihu, na bugi ƙafar tebur sau huɗu.

Asabar, 25 ga Janairu, kafin magariba

Na jera bulo uku da takalma a tsakar gidansa. Ya daɗe yana kallon buroshin.

"Na wa?"

"Nawa ne. Na wanke."

Gefen bakinsa ya ɗan motsa. Ya karɓa.

Yatsan yana wuce gona da iri. Ya nufi bulo, Tsohuwa ta nufi tukunyar lemun tsamin Zuwaina. Sau goma sha uku, ina ƙirgawa a zuci. Mutumin da yake ɗora tayar gaba a kan kwalbar ruwa ba tare da ta faɗi ba! A na sha huɗu ya saki rimot ɗin a cinya ya ce, "Ya isa."

Ina isa gida Zuwaina ta kira. Ta ce, "Hilal, saurara." Ta ɗaga wayar. Na ji kukan 'yar motar, na ji ƙwas, ta bugi tukunya, na ji ta ja da baya.

Hannun dama yana nan yadda yake.

Talata, 28 ga Janairu, ƙarfe 4:30 na yamma

Ya ce zai je kwari ranar Juma'a. Na karɓo Tsohuwa, na ce zan ƙarasa mata man shokozoba.

Na yi mata wani ɗan aiki kuma. Ƙarami ne.

Laraba, 29 ga Janairu, ƙarfe 7:00 na safe

Ba ƙarami ba ne.

Na sa mata risiba ta biyu, wato abin da ke karɓar umarnin rimot, a ƙarƙashin kujerar ɗan direba, da wani ɗan makunni. Akwai wani rimot ɗina ɗan mitsitsi da yake shiga aljihun riga. In na danna maɓalli, sitiyarin Tsohuwa ya dawo hannuna, totur yana wurinsa. In na saki, ya koma masa. Aiki ne mai tsafta, ko waya ɗaya ba a gani.

Tsakar gida daban, Tozon Raƙumi daban. Ba zan iya tsayawa ina kallon Tsohuwa tana birgima a gaban mutum biyar suna duban tsuntsaye ba. Sau ɗaya kawai nake so ya hau, ya ji daɗi, shi ke nan in cire.

Shamsa ta same ni ina gwadawa da hannu a aljihu. Ta tsaya, ta dubi aljihun, ta dubi tayoyin suna juyawa.

"Ya sani?"

"Ke ina ruwanki da mota?"

"Ban san mota ba, amma na san yayanka. Garin neman gira kada a rasa ido."

Na ce ta je ta duba tukunyarta. Ta tafi, ba ta ko yi fushi ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Juma'a, 31 ga Janairu, bayan magariba

Ba zan rubuta komai ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu, ƙarfe 9:00 na safe

Jiya a kwari, Yaya ya sa farar rigarsa da hularsa mai aikin shuɗi. Darwish ya kawo masa kujera, ya ƙi zama, ya jingina da sanda da dutse. Aka yi ta rungumarsa. Suwaid, ɗaya daga cikinmu, har da hawaye, babban mutum da gemu.

Na tsaya a bayan kafaɗarsa. Hawan farko ya yi shi da kansa, a karkace amma ya wuce. A na biyu tayar gaba ta nufi rami, na danna, na ɗan gyara. Ba wanda ya lura. Daga nan fa hannuna ya ƙi saki. Tsohuwa ta ratsa Maƙogwaro kamar an shimfiɗa mata kwalta. Mutane suna ta "Masha Allah, Abu Azzan!" Darwish yana cewa, "Ku gani, da hannu ɗaya ya fi ku, 'yan banza!" Ni ma ina dariya. Kaico, har da ni a masu tafi da baki.

Saura shan kwana ɗaya a kai ƙololuwa, sai ya tsayar da ita. Bai juyo ba. Ya ɗaga babban yatsansa daga kan buroshin, ya miƙe shi sama yadda kowa zai gani. Sannan ya ja totur a hankali.

Ni idona yana kan mota, ban ga yatsan ba. Na murza mata sitiyari ta sha kwanar lafiya lau, ta hau saman Tozo.

Shirun da aka yi ne ya sa na ɗago.

Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Ya juyo da ƙyar, ya dubi aljihuna, ya dubi fuskata. Kalma ɗaya ya faɗa, kuma tunda abin nan ya faru ban ji wata kalma ta fito masa tsaf kamarta ba.

"Hannu."

Darwish ne ya mayar da shi gida.

Litinin, 3 ga Fabrairu, ƙarfe 4:00 na yamma

Zuwaina ta ce yana barci.

Laraba, 5 ga Fabrairu, ƙarfe 4:00 na yamma

Yana barci. Ina jin rediyonsa daga bakin ƙofa.

Ni fa ba mugunta na yi ba. Ya kamata wani ya faɗi haka. Wa ya kwana huɗu a kujerar asibiti? Wa ya yanka buroshinsa? To shi ke nan, ya yi ta barcin.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, bayan la'asar

Yau ba ta ce yana barci ba. Ta miƙo mini 'yar leda. Risibar ce da makunnin, da wayoyinsu an naɗe su tsaf. Ba tsinke su aka yi ba, an zare kowace daga mazauninta.

"Wa ya cire masa?"

"Shi."

"Ummu Azzan, sukurori huɗu ne a ƙarƙashin kujerar nan, kowanne bai kai ƙwayar shinkafa ba."

"Kwana biyu ya yi. Ya matse motar da gwiwa. Na ce in riƙe masa, ya kore ni. Ɗaya ya faɗi ƙasa, ya yi rarrafe ya nemo shi da maganaɗisu." Ta gyara mayafinta. "Hilal, rabon da in ji yana zagin sukuru tun kafin Talatar nan. Na ji daɗin zagin."

Na zauna a mota da ledar a cinya. Kunya da murna suka haɗe mini, ban san wacce zan fara ji ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, ƙarfe 12:30 na rana

Ban je kwari shekaranjiya ba. Darwish ya biyo ni shago, ya zauna a kan wata matacciyar na'ura, ya cinye mini dabino.

"Injiniyan aljihu! An ce ka tuba ka bar tuƙi."

"Darwish, ba na son wasa."

"Shayin mutum bakwai yana kanka, ka gudu. Kai, amma aikin ya yi kyau, ni kaina ban gano ba. Da don Allah ka yi amfani da wannan basirar ka daina kifewa a Maƙogwaro."

Da ya gama cin fuskata sai ya gaya mini. Tun Alhamis da safe yake ɗaukar Yaya su je kwari su biyu, lokacin da ba kowa.

"Yana kifewa?"

"Ranar farko sau goma sha tara."

"Ka ɗaga masa?"

"Ni mahaukaci ne? Na ja shi da igiya sau goma sha tara, har batir ɗina ya mutu. Yau sau goma sha ɗaya."

Kishi ya kama ni kamar yaro. Ni ne ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, amma Darwish mai sayar da labule ne yake jan sa.

Laraba, 12 ga Fabrairu, ƙarfe 6:00 na safe

Lotsawar ƙofar hagun nan. Kowa a danginmu ya san bijimin Kawu Suleyim ne ya tunkuyi motar Baba. Ba bijimi ba ne.

Ina shekara goma sha huɗu, Yaya ya fitar da ni bayan gonakin dabino ya koya mini tuƙi. Da na riƙe sitiyari sai ya cusa hannayensa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu. Na ce me ke nan? Ya ce in bai zauna a kansu ba za su kai wa sitiyarin cafka. Yana gani na nufi katangar magudanar ruwa, yana ta "birki, Auta, birki", amma bai zaro hannun ba. Na goga mata ƙofa. Da yamma ya ce wa Baba bijimi ne, kuma shi ya ajiye motar a inda bai kamata ba. Shi ya sha faɗan.

Washegari ya sake ba ni makulli.

Shekara talatin da huɗu ba mu taɓa tayar da zancen ba. Sai da ya zo ƙera Tsohuwa ya ɗauki cokali mai zafi ya mayar da lotsawar daidai inda na yi ta. Ranar da ya nuna mini ita na ga yana leƙen fuskata, na yi kamar ban gane ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu, bayan azahar

Na rubuta masa saƙo sau shida na goge. Na bakwai na tura: "Yaya, na yi hannu. Ka yafe mini."

Ya karanta. Bai amsa ba.

Laraba, 19 ga Fabrairu, ƙarfe 5:10 na yamma

Zuwaina ta kira. "Ya ce ka zo jibi. Ya ce ka sa riga marar aljihu."

Juma'a, 21 ga Fabrairu, bayan magariba

Ba ni da riga marar aljihu. Darwish ya tare ni a gindin dutse ya caje ni a gaban jama'a kamar ɓarawon kasuwa. Ya fito da makulli, carbi, da ƙwallon dabino biyu, ya ɗaga su sama ya ce a shaida. Yaya yana jingine da dutsensa, bai dube ni ba.

Ya fara hawa. A hawa na biyu, ramin nan dai, Tsohuwa ta ɗaga ƙafa, ta yi jim, ta kife. Buhunan dabino suka watse. Ƙafata ta riga ni yin taku ɗaya. Sai na nemi dutse na zauna, na cusa hannayena ƙarƙashin cinyoyina.

Ya gani. Wallahi ya gani.

Darwish ya ja shi. Ya sake kifewa, Suwaid ya ja shi. Yau ba wanda ya dubi tsuntsaye, har Suwaid yana ce masa, "Abu Azzan, dabinon Baba ya zube, wa zai biya?" Minti arba'in ya yi kafin ya kai Maƙogwaro. Gumi ya jiƙa masa hula. Ya shiga, ya ja baya, ya sake shiga, ƙofar hagu tana gogar dutse, ya fita ta ɗaya gefen da kansa. Cinyoyina sun danne mini yatsu har sun mutu.

Aka ce saura ni. Na tashi da Jar Akuya, na ce yau ko ana ha maza ha mata sai na wuce lafiya. Na shiga Maƙogwaro a hankali, na daidaita taya, na ja totur.

Ta kwanta, tayoyi huɗu a sama.

Darwish ya faɗi ƙasa don dariya. Ina tsaye kamar an dasa ni, sai na ji kukan mota. Tsohuwa ce take dawowa da baya, a karkace, tana tsayawa tana gyarawa. Ta ɗauki lokaci. Daga ƙarshe ta tsaya daf da Jar Akuya.

"Auta."

"Na'am, Yaya."

"Da gangan?"

"Wallahi tallahi ba da gangan ba ne."

Ya daɗe yana kallona, yana neman ƙarya a fuskata.

"Na sani," ya ce. "Shekara tara. Ka kwantar da ita... ta huta." Ya nuna igiyar da haɓa. "Maƙala."

Na durƙusa na maƙala ƙugiyar, na ja da baya. Jan farko igiyar ta zame. Na biyu Tsohuwa ta kusa bin tawa. A na uku Jar Akuya ta mirgino ta dira a kan tayoyinta. Na juya baya ina goge ido, na ce ƙura ce. Darwish ya ce ai kuwa ƙurar yau mai gishiri ce.

Bai kai ƙololuwa ba, rana ta faɗi, ƙafarsa kuma ta gaji. Na biya shayin da ke kaina. Ni na mayar da shi gida, Tsohuwa a kan cinyarsa. Mun wuce gonakin dabino. Sai da na tsaya a ƙofar gidansa ya yi magana.

"Baturana. Wa ya sauke musu caji?"

"Ni ne. Kana asibiti."

Ya gyaɗa kai. "Wannan ka yi daidai."

Ya buɗe ƙofar da hagu, ya ɗauki lokaci yana sauka. Na riƙe sitiyarina da hannu biyu har ya shige gida.

Hannun dama yana nan yadda yake. Na rubuta ne don na saba, yau ban ma duba ba.